Kurmin da ke Kusa da Gida: Daga Rumde Ajiya zuwa Bakin Binuwai

Duk wanda ya taɓa yin watan Maris ko Afrilu a Garwa ta arewacin Kamaru ba ya bukatar a yi masa bayanin zafi. Tun da hantsi ma'aunin zafi yake haura 40, kwanon rufi ya riƙa ƙara kamar ana toya shi, ruwan randa ya zama kamar an sauke shi daga murhu. A Rumde Ajiya, unguwar da babban filin ƙwallon garin yake, da magariba ta yi sai ka ga an fito da tabarmi ƙofar gida, maigida da mafici, yara suna birgima a ƙasa suna neman inda ya huce. A irin wannan zaman ne wani matashi zai zaro waya ya nuna wa abokan hira hoton wani masauki a tsakiyar kurmi: ɗaki na katako a ƙarƙashin manyan itatuwa, hazo yana tashi daga kan ruwa, ga kwalekwale a ɗaure. Sai a yi ta santi, a ce ina ma mutum ya sami Asabar da Lahadi a can. Daga nan wani dattijo ya katse hirar da tambayar da Bahaushe ya gada kaka da kakanni: "Kai yaro, me ka ajiye a daji?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. A wajenmu daji wurin aiki ne da wurin haɗari. Maharbi ke shigarsa, da makiyayi, da mai saran itace, da mai neman saiwa, sai kuma wanda ya gudu daga hukuma. Kurmi kuwa, a bakin iyayenmu, sunan ƙasashen kudu ne gaba ɗaya, inda fatake ke zuwa su sayo goro su dawo da zazzaɓi da labarai. Ba wanda ya taɓa cewa zai tafi kurmi ya huta. Hutun ƙarshen makon ma, in an duba, hutun jaki ne da kaya a ka: ga suna da safe, ga ɗaurin aure bayan azahar, ga gaisuwar rasuwa a Pitowa ko Gashiga, ranar Lahadi kuma a tafi kallon ƙwallon Coton Sport. Zumunci ne, kuma ba abin rainawa ba ne, amma jiki da ƙwaƙwalwa ba su san an huta ba. Shi ya sa nake ganin maganar kwana biyu a daji ta cancanci a zauna a kanta, a san mene ne kurmin, ina yake, nawa ne nisansa daga nan, kuma wane ne ya fi kusa da aljihun talaka.

Kalmar kurmi tana da fuska biyu a Hausa. Akwai ƙaramin kurmi, wato cunkoson itatuwa da sarƙaƙiya a bakin rafi, irin wanda kasuwar Kurmi ta Kano ta samo sunanta daga gare shi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Akwai kuma babban kurmi, dajin da ruwan sama ba ya yanke masa, wanda ya shimfiɗu daga kudancin Najeriya ya ratsa kudancin Kamaru har cikin Kwango. Ruwa ne ya raba mu da shi. Garwa tana samun abin da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma duk a cikin watanni biyar zuwa shida yake zuba, sauran shekarar rani ne ƙayau. Yawunde tana samun kimanin 1,500 a damina biyu. A Debundscha, gindin Dutsen Kamaru ta bakin teku, ruwan yakan kai milimita 10,000 a shekara, wato ninkin namu sau goma, kuma wurin yana cikin waɗanda suka fi ko'ina ruwan sama a duniya. Inda ruwa ya yi yawa haka, itace ba ya zubar da ganye ya jira damina kamar yadda kuka da ɗorawa ke yi. Kowanne yana tsere ne zuwa sama neman rana, har su kai tsawon mita 40 ko 50, kawunansu su haɗu su yi rumfa. Ƙarƙashin rumfar duhu-duhu ne ko da tsakar rana, ƙasa a jiƙe, iska ba ta motsi, rigar da ka wanke yau ba za ta bushe ba sai jibi.

Wani abu da masu hotuna ba sa faɗa shi ne, a babban kurmi kunne ya fi ido aiki. Wanda ya je da niyyar ganin giwa da gorila a fili kamar a talabijin zai dawo da takaici. Dabbobin suna nan, amma ganye ya rufe su, yawancinsu kuma can sama suke rayuwarsu. Abin da za ka samu shi ne kukan aku da cilakowa da asuba, da ƙarar birai suna tsalle daga reshe zuwa reshe, da sawun giwa a cikin taɓo, da malam-buɗe-littafi iri-iri masu launin da ba ka taɓa gani ba. Da dare kuwa gyare da kwaɗi ba sa barin kowa ya ji maganar ɗan'uwansa. A rafukan kudu maso yammacin Kamaru ne ma ake samun kwaɗon da ya fi kowanne girma a duniya, wanda nauyinsa yakan wuce kilo 3.

Kada kuma a ɗauka kurmin baƙo ne a gare mu. Uwargida ta buɗe gwangwanin kayan yajinta ta duba: masoro, kimba, citta mai 'ya'ya, duk 'ya'yan kurmi ne. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure daga can yake, haka namijin goro, haka manja. Akun da ke cikin keji a zauren Alhaji yana kwaikwayon sallama, daga can aka kamo shi, kuma yawan kamun ya sa tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa in daga daji aka ɗauko shi. Mun shekara ɗaruruwa muna cin arzikin kurmi ba mu taɓa zuwa mun gaishe shi ba.

To, a ce mutumin Rumde Ajiya ya ƙudura sai ya kwana a ainihin babban kurmi. Bari mu yi lissafi. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, rabin yini a motar haya. Daga can jirgin ƙasa na Camrail yakan tashi da yamma ya kwana yana tafiya kimanin kilomita 620, ya shiga Yawunde da safe in Allah ya sa ba a yi jinkiri ba. Wanda ya bar gida Juma'a da hantsi ke nan sai safiyar Asabar zai sauka. In ya tsaya ya karya kumallo wurin 'yan'uwa a unguwar Briqueterie, ya kama motar Mbalmayo, kimanin kilomita 50 kudu da Yawunde, kafin azahar zai iya isa Ebogo, ƙauyen da ke bakin kogin Nyong. Nan ne kurmi mafi sauƙin kaiwa: akwai ɗakunan kwana a bakin ruwa, mutanen ƙauyen su ɗauke ka a kwalekwale a kan ruwan da ya yi baƙi saboda ruɓaɓɓen ganye, su kai ka gindin wani tsohon itace da mutum goma ba za su iya zagaye shi da hannu ba. Kwana ɗaya, ranar Lahadi ka koma tashar jirgi, Litinin da rana kana gida a gajiye. Mai hali zai iya hawa jirgin sama daga Garwa ya rage wahalar, amma kuɗin kujera biyu ya isa cefanen wata.

Sauran manyan dazuzzukan sun fi ƙarfin ƙarshen mako. Gandun Dja, mai faɗin murabba'in kilomita 5,260, wanda kogin Dja ya kusa zagaye shi kaf, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1987, tafiya ce ta ƙasa da tanti tare da 'yan ƙabilar Baka masu jagora, kuma tana son mako guda. Lobeke yana can ƙuryar kudu maso gabas, kan iyaka da Kwango da Afirka ta Tsakiya. Korup, wanda aka kafa a 1986 kusa da Mundemba, yana cikin yankin masu magana da Ingilishi inda rikici ya ɓarke tun ƙarshen 2016, kuma mai hankali ba ya kai iyalinsa yawon shan iska inda ake harbe-harbe. Magana ta gaskiya ita ce babban kurmi na mai hutun shekara ne.

Amma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ƙaramin kurmin, wanda Bahaushe ya fara sani da wannan suna, yana nan kudu da mu, tafiyar sa'o'i kaɗan.

Ka fita Garwa ta kan gadar Binuwai ka miƙi hanyar Ngaundare. Za ka wuce Ngong mai kasuwar shanu da masara, inda hanyar Lagdo ta rabu, ka wuce Guna inda ake juyawa zuwa Poli, ka iso Gijiba inda hanyar Collire ta yi gabas. Daga nan abin da ke hagunka gandun dajin Binuwai ne. Turawan Faransa suka keɓe shi a 1932, gwamnatin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ta mai da shi gandun ƙasa a 1968, a 1981 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kula da halittunsu. Faɗinsa hekta 180,000. A cikinsa da gefensa akwai tsofaffin zanguna biyu da aka gina domin baƙi. Ɗaya shi ne Buffle Noir, wato baƙin ɓauna, wanda ake shiga ta hanyar ƙasa mai kimanin kilomita 30 daga kwalta. Ɗayan shi ne Grand Capitaine a kan hanyar Collire, wanda ya ci sunan kifin da muke kira giwan ruwa. Ɗakunan zagayayyu ne masu jinka, Faransanci na Kamaru yana kiran su bukaru. Kalmar daga Fulatanci ta shiga, kuma duk mai jin Hausa ya ji bukka a cikinta. Abin dariya ne a ce Bature ya taso daga Faransa ya biya kuɗi mai yawa don ya kwana a bukka, mu kuwa muna jin kunyarta. Ita kanta Rumde, in an bi asalin kalmar, ƙauyen gona take nufi a Fulatanci, abin da Hausawa suka ara suka ce rinji. Birnin namu jiya-jiya ya fito daga daji.

Yawancin gandun dajin sarari ne mai doka da marke da kaɗanya da baushe, da ciyawa wadda da damina take fin mutum tsawo. Amma da ka gangaro bakin kogin sai ka ga duniya ta canja. Ko da ruwa ya janye a rani ya bar yashi da manyan duwatsu da gurabe masu zurfi, akwai danshi a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa maɗaci da kanya da ɓaure da tsamiya da maje suke tsayawa kore shar, kawunansu a haɗe, igiyoyin daji sun naɗe su. Tsiri ne siriri, wani wurin bai fi taku hamsin ba, amma a cikinsa za ka ɗanɗana abin da ake ji a babban kurmi: inuwa mai sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, hayaniyar tsuntsaye. Har wani biri baƙi mai farin gashi kamar alkyabba da doguwar wutsiya, wanda asalinsa ɗan kurmi ne, yana zaune a cikin waɗannan itatuwan. An ƙidaya tsuntsaye sama da iri 300 a gandun. Ga kuma abin da babban kurmi ba zai ba ka ba: a nan ido yana cin rabonsa, domin rani yana tilasta wa kowace dabba ta zo ruwa.

Yinin zango yana da tsarinsa. Ana idar da sallar asuba ake fita, da ma'aikacin gandun a cikin mota, don dabba da sanyin safiya take kiwo. Abin da ba a rasawa shi ne mariya, garke-garke, ja kamar an shafa musu manja, da gwaggon biri zaune a tsakiyar hanya kamar masu karɓar haraji, da mugun dawa yana gudu da wutsiya a tsaye, da zabin daji. In da rabo a ga kanki da gwambaza da gwanki, ko garken ɓauna, ko raƙumin dawa. Zaki da damisa suna nan amma sun yi ƙaranci, wanda ya gan su ya yi sadaka. Abin alfaharin wannan yanki shi ne dabbar da Fulani ke kira yamusa, wadda ta fi kowa girma a dangin su gwanki da barewa, mai murɗaɗɗun ƙahoni da fararen zane a haƙarƙari. Namijinta yakan doshi nauyin tan guda, amma tsoronta ya fi na gada, kuma arewacin Kamaru na cikin 'yan wuraren da suka rage mata a duniya. Da rana ta take sai a dawo inuwa, a yi ƙailula ta gaske, babu ƙarar babur, babu mai buga ƙofa, sau da yawa ma waya ba ta kamawa. Da la'asar a gangara gurbin dorina. Za ka gan su jibge a ruwa, kunnuwa da hanci kawai a waje, suna gurnani kamar tsofaffi masu gardama, kada kuma yana kwance a kan yashi baki buɗe. Da dare in ka ɗaga kai za ka ga taurarin da fitilun gari suka ɓoye maka shekara da shekaru. Yaron da aka haifa a gari, wanda bai san kaza da 'ya'yanta ba sai a tatsuniya, a nan za a nuna masa su a sama.

Dorina tana bukatar magana ta musamman, don mutanen Garwa sun saba ganinta kusa da gada har sun raina ta. Da dare take fitowa kiwo, tana iya cin ciyawa kilo 40 kafin gari ya waye, kuma duk wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, ko tsakanin uwa da ɗanta, ya shiga uku. Jikinta na yaudara: a ƙasa ta fi mutum gudu. Saboda haka ba a yawo a bakin kogi da duhu, ba a wanka a gurbi komai zafi, ba a fita daga mota sai ma'aikaci ya ce a fita. Ba a miƙa wa biri abinci, don gobe shi zai shigo ɗaki ya ɗauka da kansa. A ɗauki gidan sauro da maganin shafawa. Ƙudan tsando yana nan a bakin kurmi, cizonsa kamar allura, kuma baƙin tufafi da shuɗi suna jawo shi, don haka shuɗiyar shaddar nan a bar ta a gida, a sa mai ruwan ƙasa mai dogon hannu. Duk wanda ya dawo ya ji zazzaɓi cikin mako biyu ya je a gwada jininsa, kada ya ce gajiyar hanya ce.

Akwai abin da ke hana iyalan Musulmi da yawa zuwa irin waɗannan wurare, ko da ba sa faɗa: ana ganin wurin Turawa ne da masu shan giya. Gaskiya ne an gina su da baƙon waje a zuci, kuma akan sayar da abin sha a wurin cin abinci. Amma ma'aikatan da masu jagora mutanen yankin ne, Fulatanci ake yi da su, wani lokaci da Hausa, ba wanda zai yi mamakin ganin buta da darduma. Nisan ya wuce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka matafiyi yana da rangwamen ƙasaru. Mai shakkar yanka ya ci kifi, ko uwargida ta yo dambun nama da soyayyar kaza da garin kunu daga gida, wanda ma ya fi araha. Naman daji da za a tare ka da shi a bakin hanya kuwa, ka kau da kai: sayensa laifi ne a doka, kuma shi ne ke cinye abin da ka biya kuɗi ka je gani. Keɓe daji ma ba baƙon abu ba ne a addini. Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza.

Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa farkon Mayu. A farkon rani ma'aikata kan sa wa ciyawa wuta da gangan tun tana da sauran danshi, don kada gobarar bazara ta cinye itatuwa, kuma sabon tsiro ya fito ya jawo dabbobi fili. Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu mai daɗi, har sai an nemi bargo. Maris da Afrilu sun fi zafi amma sun fi nuna dabbobi. Da ruwa ya sauka hanyoyin ciki sukan yanke, mayo-mayo su cika, a rufe harka sai baɗi. Mota mai tsayi ake so, a cika tanki tun daga Garwa, a ɗauki ruwan sha da ya wadata. Kafin a tashi a biya ofishin ma'aikatar gandun daji da namun dawa da ke Garwa a tambayi halin da zangon yake ciki a wannan shekarar, da kuɗin shiga, da lafiyar hanya, domin waɗannan abubuwa suna canjawa daga rani zuwa rani. A yi tafiya da rana. Yankin Mayo Rai da Tuboro ya sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma ɓoye wannan ga mai karatu cin amana ne.

Nan muka zo ga abin da ya sa ni rubutun. Dajin nan yana ƙarewa a kan idonmu. Karkandan yammacin Afirka, baƙin nan mai ƙaho biyu, arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe a duniya. A 2006 masu bincike suka karaɗe yankin ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa irinsa ya ƙare. Ba za a sake ganinsa ba har tashin ƙiyama, kuma yawancin mutanen Garwa ba su ma san an yi rashin ba. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai, ɗauke da bindigogin yaƙi, suka ƙetaro daga wajen Sudan da Chadi suka shiga gandun Buba Njida, mai hekta 220,000, wanda ya ci sunan kakan lamiɓen Rai Buba, suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni saboda haure. A Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya bayan sun fito daga gandun Waza a Arewa Mai Nisa. An sako su bayan wata biyu, amma daga ranar ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu, baƙi suka ɗauke ƙafa daga arewa baki ɗaya. Harkar da aka gina kacokan a kan baƙon waje, rana ɗaya ta isa ta durƙusar da ita. Zangon da ba baƙo jinkarsa ke zubewa, mai jagora ya koma gona, hanyar da mota ba ta bi ciyawa ta rufe ta, mai tarko kuma ya sami sarari.

A cikin gandun Binuwai kansa masu haƙar zinariya sun kafa sansani a bakin kogi suna tona ramuka suna gurɓata ruwa, garken shanu na shiga da rani, makiyaya na sassabe rassan kawo da maɗaci su ba dabbobi, gonakin auduga da masara na matsowa kowace shekara. Ba zan yi saurin zagin waɗannan bayin Allah ba. Gandayen Binuwai da Buba Njida da Faro, tare da yankunan farauta da aka ba 'yan kasuwa haya a kewayensu, sun ci sama da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar Arewa. Mutanen da fari da rikici suka koro daga Arewa Mai Nisa suna neman inda za su yi noma, Bororo yana neman burtali, ga fili an ce na mariya ne da attajirin da zai zo daga Turai ko Amurka ya harbi yamusa ya tafi da ƙahon. Manomin da giwa ta cinye masa dawa a dare ɗaya, in ka ce masa dabbar nan dukiyar ƙasa ce, zai tambaye ka nawa ya taɓa samu a ciki. Amsar da za ta gamsar da shi ɗaya ce: ya ga ɗansa ya sami aikin jagora, matarsa ta sayar da kaji da zuma ga zango, makarantar ƙauyen ta sami rabonta daga kuɗin shiga. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da baƙi masu zuwa kowane rani, waɗanda gargaɗin ofishin jakadanci ba ya hana su. Mu ne waɗannan baƙin, in mun ga dama.

Abin mamaki, garin nan namu shi ke koya wa Afirka kiwon daji. Tun 1970 makarantar horar da ma'aikatan namun dawa take a Garwa, ɗalibai na zuwa daga Senegal da Nijar da Gabon da Kwango su yi karatu su koma su riƙe gandayen ƙasashensu. Ɗan Garwa kuwa yakan tsufa bai taka gandun Binuwai ba. A Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, filin Rumde Ajiya da aka gina tun 1978 ya tara ɗimbin jama'a, 'yan Najeriya suka kwararo daga Yola da Mubi suka ga ƙungiyarsu ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da ita. An nuna cewa in akwai abin kallo mutanenmu na da kuɗin mota da na masauki. A Najeriya ma haka ake yi da Yankari ta jihar Bauci, inda makarantu da iyalai daga Kano da Jos suke zuwa su kwana su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ba sa jiran Bature.

Wanda gandun Binuwai ya yi masa nisa ko tsada yana da matakala. Lagdo tana kimanin kilomita 50 daga Garwa, inda 'yan Sin suka gina madatsar ruwa tsakanin 1977 da 1982, wadda ke ba arewa wutar lantarki, kuma wadda mutanen Yola da Makurɗi ke tunawa da ita duk lokacin ambaliya. Akwai masauki a bakin tafkin, da kwalekwale, da tsibirai, da kifi ɗanye daga hannun masunta, ana iya zuwa da safe a dawo da yamma. Mai neman sanyi kuwa ya haura tsaunin da ke gaban Mbe ya hau tudun Adamawa. Ngaundare tana sama da mita 1,000 daga teku, kuma kimanin kilomita 35 kudu da ita a kan hanyar Maiganga akwai masaukin Ngaundaba, a bakin wani tafki da ya taru a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, kurmi ya kewaye shi, tsuntsaye kamar a kasuwa. A ganina wannan ne ya fi kama da hoton da yaron nan ya nuna a waya.

Kuɗin ba ya gagara in an haɗa kai. Mutum goma da suka saba zama a majalisa ɗaya, in suka yi adashin wata uku, sun ɗauki hayar mota sun biya bukka. Ƙungiyar iyayen yara da malaman makarantun Rumde Ajiya, na boko da na Islamiyya, su sa tafiyar nan cikin lissafin shekara kamar yadda ake sa bikin sauka, a kuma tafi da 'yan mata, kada a ce ta maza ce kawai. Malam mai karatu, in kana da niyya bana, ka fara tambaya tun watan Nuwamba, ka ɗauki yaranka ka kai su su ga dorina da mariya da idonsu kafin ruwan Mayu ya rufe hanya.